Nasiru, Kada Ka Aiko Ta Hannuna

Daga Gaya, zuwa ga ɗana Nasiru.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa daga gare ni da innarka da ƙannenka. Ina fata takardar nan za ta same ka a Yamai cikin ƙoshin lafiya, kafin jirgi ya ɗauke ka zuwa Maroko. Allah ya kai ka lafiya, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya tsare maka ƙafafunka da idonka da zuciyarka.

Labarin gida ba zan ba ka ba, innarka tana ba ka shi a waya fiye da yadda kake buƙata. Ni abin da ke raina ba ya fita a waya. Sau nawa na kira ka, da ka ɗauka sai in ji kaina ina tambayar ka ko ka ci abinci, in kashe. Tun ranar da ka sa hannu a takardar kulob ɗin nan zama ya gagare ni. In na zauna a tasha sai in miƙe in nufi bakin gulbi, in na kai can in ga ba abin da ya kawo ni, in juyo. Direbobi har sun fara cewa murna ce ta hana Mai Gabon zama. Akwai murnar, amma ba ita kaɗai ba ce. Shi ya sa na zauna rubutu, zan ba direban bas ɗin Yamai ya kawo maka hannu da hannu.

Ka tashi ka gan ni ɗan kamasho a tasha, ina ɗingishi ina kiran fasinjan Doso. Ka ji ana ce mini Mai Gabon, ka ji labarin yadda na buga baya a wani kulob na Kwatano, daga can aka ɗauke ni zuwa Gabon. Ka ji ana cewa ko ƙwallo ta wuce ni, mai ita ba ya wucewa. Duk gaskiya ne. Abin da ban taɓa gaya maka ba shi ne inda kuɗin suka tafi, kai kuma kunya ba ta bar ka ka tambaya ba. To yau ga shi.

Ranar da aka fara biya na a Gabon, a ambulan aka miƙo mini. Na shiga ɗaki na kulle, na zube su a kan katifa ina kallo. Mahaifina ya ƙare rayuwarsa yana fataucin busasshen kifi tsakanin Tunuga da Kamba, ba na jin ya taɓa riƙe irinsu a dunƙule. Kafin mako ya zagayo na sayi takalma da agogo, da wani ƙaton rediyo mai kaset wanda sai a kafaɗa ake ɗaukarsa, da sarƙar wuya da na san ko kusa ba zan iya shiga gidanmu da ita ba. Mu huɗu ne a gidan da kulob ya kama mana, kuma gasar da muke yi a cikin gidan ta fi ta fili zafi. In ɗaya ya shigo da sabon wando, sauran ba mu da sukuni sai mun sayi wanda ya fi shi.

Ban san cewa albashin ɗan ƙwallo ba irin na ma'aikacin gwamnati ba ne. Shugaban kulob ɗinmu ɗan kasuwa ne. In harkarsa ta yi kyau ya biya mu, in ta tsaya mu ma mu tsaya. Akwai lokacin da muka yi watanni ba ko tamma. Ga agogo yana walƙiya a hannuna, ga ni ina karya kumallo da burodi da ruwan sukari, shi ma burodin bashi ne daga shagon wani mutumin Mali. Da aka biya, maimakon in yi hankali, sai na rama abin da na rasa.

Nasiru, duk ranar da kuɗi suka shigo maka, kafin ka taɓa su ka yanke rabonsu na ajiya ka kai inda hannunka ba ya kaiwa da sauƙi. Ka buɗe asusu biyu a banki, ɗaya na ci, ɗaya wanda katinsa ba ya kwana a aljihunka. Kuɗin cin wasa, da kuke ce wa firim, kada ka lissafa su sai sun shiga hannu, kada kuma ka saba wa cikinka da su. Ka yi zamanka da albashi kamar shi kaɗai gare ka. Ku kuma kuna da wata masifa da mu ba mu sani ba, cacar nan ta waya da samari ke kira pari. Ina ganin yaran tasha suna zuba kuɗin yininsu a kan wasan da ake yi a ƙasar da ba su san hanyarta ba. Za a ce maka kai da ka san ƙwallo ai ba za ka faɗi ba. Wanda ya san ƙwallo da gaske ya san ba ta da amana.

Hutuna na farko, ban iya dawowa Gaya a motar haya ba. Na sauka Kwatano na sayi mota ja a tashar jirgin ruwa, na tuƙo ta har Malanbil, na haye gada ina danna oda. Yara suka bi ni da gudu har ƙofar gida. Mahaifina yana zaune a kan tabarma a zaure. Ya fito ya zagaya motar, ya shafa ta da hannu, ya ce, "Hamidu, taka ce ko ta aro?"

Na ce, "Tawa ce, Baba."

Ya ce, "To madalla. In ka koma wa zai riƙa ba ta abinci?"

Na yi dariya, a zatona wasa yake. Ya koma tabarmarsa ya zauna.

A hutun nan fadarmu ta shayi, da mu shida muke zama, ta koma kamar kasuwa. Kullum sai na aika an gaso nama. Wanda matarsa ta haihu ya zo, wanda babur ɗinsa ya lalace ya zo, wanda ya ce mun yi lakwal, makarantar boko, tare ya zo, ko da ban tuna fuskarsa ba. Maroƙa suka gano gidan. Da sun ce "Hamidu katangar ƙasar Dendi" sai in ji kaina ya yi girma, hannuna ya tafi aljihu da kansa. Ba zan yi maka ƙarya ba, na ji daɗin abin ƙwarai. Ba don tausayi nake bayarwa ba, don a ce na bayar ne. Da hutu ya ƙare na bar makullin motar a fada na ce a kula da ita. Shekarar da ta biyo na dawo na tarar da ita a kan duwatsu, ba taya ko ɗaya, kaji suna ƙwai a kujerar baya. Kowa na tambaya sai ya nuna mini wani.

Ban ce ka ƙulle hannunka ba. Mutumin da bai ba kowa ba, ranar da ya faɗi ba mai ɗaga shi. Amma ka yanke wa kyauta iyaka tun farkon wata, in ta ƙare ta ƙare, ko wa ya zo. Ka fara da mara lafiya da mai karatu da tsohon da ba shi da kowa. Wanda ya yi maka kirari kafin ya faɗi buƙatarsa, ka ba shi ruwa ya sha, ka raka shi ƙofa. Kuma ka koyi cewa "ba ni da hali" ba tare da ka sunkuyar da kai ba. Za su ce ka yi girman kai, za su ce Larabawa sun canza ka. Su faɗa. Ni da ban taɓa hana su ba, ka tambaye ni nawa ne a cikinsu suka leƙo ni daga baya.

Yanzu maganar Baffanka Garba. Ka san shi yayana ne, ka kuma lura gaisuwarmu ba ta wuce ta kan hanya. Ba ka san dalili ba. A shekarata ta uku a Gabon ya rubuto mini cewa ƙwallo ba sana'ar tsufa ba ce, in aiko a sayi kamiyo, babbar motar kaya, a riƙa ɗaukar albasa zuwa Kwatano, shi zai kula, riba mu raba. Shawarar tana da kyau, har gobe ina cewa tana da kyau. Na tattara abin da ya fi kowane girma da na taɓa tarawa na aiko masa. Ban nemi takarda ba, ban sa shaida ba. Yaya za a yi ƙane ya ce wa yayansa sa hannu nan? Aka sayi kamiyon da sunansa.

Daga nan duk lokacin da na tambaya, kamiyo yana gareji. Yau inji, gobe taya, jibi an tsare shi a hanya. Wani lokacin ma ni nake ƙara aikowa a gyara. Da na matsa sai ya ce, "Hamidu, tuhuma ta kake yi? Ni da na goya ka?" Sai in bar maganar. Daga baya na ji an sayar da shi tun tuni. Har yau ban san ko Garba ya ci ni ba ne, ko shi ma direbobi da makanikai ne suka cinye shi kunya ta hana shi faɗa. Wannan rashin sanin ya fi asarar cin raina. Da akwai takarda da shaidu, da mun zauna gaban manya an fayyace, a yi faɗa a shirya. Da babu, sai kowa ya riƙe nasa a ciki, muka tsufa a haka.

Kuɗin da za su shiga tsakaninka da ɗan'uwa, ka zaɓi ɗaya: ko kyauta ce, ka ba shi ka manta, ko kasuwanci ne, a rubuta a sa shaidu, abin kuma ya kasance da sunanka. Kunyar rana ɗaya ta fi gabar shekaru sauƙi. Kuma kada wannan labari ya sa ka raina Baffanka. In ka zo hutu gidansa za ka fara zuwa gaisuwa. Abin da ke tsakaninmu namu ne.

Saura gwiwa. Kai dai ka san na ji rauni a fili. Ba ka san da raunina na shiga ba. Gwiwar ta daɗe tana kumbura, mai yi mana magani ya ce in huta. A lokacin kuwa an sa ranar bikin ƙanwata, gida kowa ya zuba ido, ni kuma ba ni da komi a ajiye. Muna da babban wasa, an yi mana alkawarin firim mai kauri in muka ci. Na roƙa aka yi mini allura ta kashe zafin, na shiga. Ana cikin rabi na biyu na tashi sama neman ƙwallo da ka, da na dira sai na ji wani abu ya tsinke a ciki kamar igiyar guga. Ban sake buga wasan kirki ba.

Kulob ya biya kuɗin asibiti na ɗan lokaci, sannan aka kira ni ofis aka karanta mini takardar da na sa wa hannu shekarun baya. Faransancina na lakwal ya isa in karanta ta tun farko, amma ranar da aka ba ni, layin da aka rubuta albashi kaɗai na duba. Babu ko kalma ɗaya a ciki game da ɗan wasan da ya ji rauni. Na sayar da agogo da sarƙa da rediyo na yi kuɗin hanya.

Da na iso Malanbil sai ƙafata ta ƙi haye gada. Ga Gaya can ina hangowa, ga hayaƙin gidaje. Ni da na shiga garin nan da jar mota ina danna oda, yanzu zan shiga da sanda da jaka ɗaya. Na kama ɗaki a bayan kasuwa na ɓuya, ban aika wa kowa ba. Amma ka san kasuwar Malanbil, rabinta mutanen Gaya ne. Wata mai sayar da barkono ta gan ni ta kai labari.

Innarka ce ta zo. A lokacin ba mu daɗe da aure ba, tana goye da yayarka Mariyama. Na ɗaga kai kawai na gan ta tsaye a ƙofa, ƙafafunta duk ƙura. Ba ta yi kuka ba. Ta duba ɗakin, ta duba sandar, ta ce, "Malam, nan ka tare?"

Na ce, "Hadiza, ba ni da abin da zan shiga gari da shi."

Ta ce, "Da za ka tafi ai ba ka tafi da komi namu ba sai kanka. Shi muke jira. Tashi, tuwo na bari a wuta."

Ta ɗauki jakar ta ɗora a ka, ga goyo a baya, ta wuce gaba. Na bi ta da sanda. Muka haye gada da rana tsaka, kowa yana kallo, ita tana amsa gaisuwar mutane kamar daga kasuwa muka fito. Watannin da suka biyo, kifin da take soyawa a bakin gulbi shi ya ci da mu, ƴan kunnenta na aure kuma su suka biya mai ɗori. Ba ta taɓa goranta mini ba, kuma in ta ji na rubuta maka wannan sai ta yi fushi.

Saboda haka nake ce maka, ajiyarka ta farko ba ta gida ba ce, ba ta mota ba ce, ta magani ce da kuɗin komowa. Mai ajiya shi ke iya ce wa mai horarwa yau ba zan shiga ba, jikina bai yarda ba. Ni rashin ajiya ne ya tura ni fili ranar nan. Takardar da ka sa wa hannu, ka nemi naka kwafin, ka kai wa lauya wanda ba na kulob ba, ba kuma na mutumin nan da ya nemo maka wurin ba, ya karanta maka layi layi. Ka tambaya in ka karye wa zai biya, kuma har yaushe. Ka tambaya nawa wakilinka yake cirewa. Tambaya ba rashin kunya ba ce. Kuma kada garin tsimi ka cuci cikinka. Ka ci abinci mai kyau, ka sayi takalmin wasa na ƙwarai, ka yi barci. Jikin nan shi ne jarinka, ba ka da wani.

Abin da za ka saya in ajiya ta taru, nan kam ban isa in yi maka malanta ba. Abin da idona ya gani dai, fili mai takardar meri, ofishin magajin gari, ba ya zama a kan duwatsu, kuma ɗaki biyu da aka rufe aka sa masu haya sun fi bene da ya tsaya a rabi. Kada ka sayi wurin da ruwan gulbi ke kaiwa in ya cika, kome arharsa. Ka kuma koyi wani abu da ake yi da kai ko da hannu tun ƙafa tana aiki, domin ranar da za ta tsaya ba ta yin sallama.

Na so in tsaya nan. Na ajiye biro na zagaya tasha na dawo, na ga in na tsaya nan na ɓoye maka mafi girma.

Tun da hotonka da rigar kulob ya shiga wayoyin mutane, gidanmu bai rabu da baƙi ba. Wannan ban damu da shi ba, na san yadda zan sallame su. Wanda ban san yadda zan sallama ba shi ne ni. Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, wani dillali ya ja ni gefe ya nuna mini wata ƙaramar bas ta sayarwa. Ya ce, "Mai Gabon, kai da ɗanka ya tafi waje, har yaushe za ka riƙa cika motar wasu?" Na zagaya ta, na buɗe gaba na duba inji, na hau na riƙe sitiyari. Nasiru, na yi ciniki. Na ba shi hannu na ce ya riƙe mini ita, yaro zai aiko ƙarshen wata. Kai ko jirgi ba ka hau ba, ko wasa ɗaya ba ka buga musu ba, ni na riga na kashe albashinka.

Na shigo gida ina fara'a na gaya wa innarka. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Shi yaron ya sani?" Na ce zai sani. Ta ce, "To." Ta ci gaba da tankaɗenta. Na tsaya a tsakar gida na ji maganar da na yi wa dillalin tana dawo mini a kunne, sai na gane muryar. Irin muryar da ake yi mini magana da ita ce lokacin da nake Gabon.

Washegari na koma na ce masa na fasa. Ya yi mini tatas a gaban direbobi, ya ce dattijo ba ya magana biyu. Na tsaya na shanye. Amma ba zan rantse maka cewa ba zan sake ba. Hannun da ya saba ba ya mantawa, kuma na ga talauci bai warkar da nawa ba, ɗaure shi kawai ya yi.

Don haka ga roƙona. Abin da Allah ya hore maka za ka aiko gida, ka aiko ta lambar innarka, ita ta san cefane da kuɗin lakwal na ƙannenka. Kada ka aiko ta hannuna. In wata rana na kira ka na kawo maka zancen mota ko wata harka mai riba, ko na yi fushi, ko na tuna maka ni na haife ka, ka ce, "Baba, ba ni da hali." Ba saɓa mini ka yi ba, umurnina ka bi. Na yafe maka wannan tun yanzu, duniya da lahira, na kuma gaya wa innarka da liman ɗin unguwa don su zama shaida.

Allah ya tsare ka a sama da ƙasa, ya kiyaye ka daga rauni da mugun aboki da mugun ido. Ya sa albarka a kaɗan ɗinka kafin mai yawa ya zo. Ka riƙe sallarka, ka kira innarka ranar Juma'a. Allah ya dawo mana da kai a kan ƙafafunka biyu, ka shigo gari ta kowace hanya ba tare da jin kunyar kowa ba. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Hamidu.